Gada Ta Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Talata na buɗe jakar aikina a kan teburin cin abinci, na ƙirga gadojina, na tarar biyu ne. Na sake ƙirgawa, kamar biyu wani lissafi ne mai wuya. Biyun dai ne.

Ni mai gyaran lifta ne, shekara goma sha tara ke nan ina hawa da sauka a gine-ginen mutane. Abin da muke kira gada a sana'armu guntuwar wayar lantarki ce ja, tsawonta bai wuce taƙi guda ba, da ɗan bakin kamawa a kowane ƙarshe. Lifta ba ta motsi sai ƙofarta ta rufe ruf, haka aka ƙera ta. To in za mu gwada ta, mukan hau ɗakin inji can saman gini, mu buɗe akwatin wayoyi mu maƙala gada, sai liftar ta ɗauka ƙofa a rufe take ko da a wangale take. Ka gama gwaji ka cire abinka. In ka manta, ka bar wa jama'a liftar da za ta iya tashi da mutum ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Kamfaninmu yana ba kowane makaniki guda uku, da lambarsa a jiki. Lambata goma sha huɗu ce.

Na zazzage jakar kaf. Sukudireba, filaya, fitila, tsumma, duk suka zube a tsakanin kofunan shayi. Na laluba aljihun rigar jiya, na fita na ɗaga kujerun mota, na leƙa har ƙarƙashin tayar sifiya, inda na san ko aljani ba zai kai ta ba. Da na dawo ciki gumi ya riga ya jiƙa mini wuya, alhali rana ba ta gama fitowa ba.

Maiɗakina tana tsaye tana ɗaure wa autarmu igiyar takalmi. Ta ɗago ta dube ni.

“Baban yara, me ka yar?”

“Ba komai.”

“Ba komai ɗin ne ya sa ka juye ƙarafa a kan burodin yara?”

“Na ce miki ba komai.”

Ta ce, “To, Allah ya bayyana ba komai ɗin,” ta ja hannun yarinyar suka fita.

Da wani abu ne daban, da na gaya mata. Wannan kam ko da wuƙa a wuya ba zan iya ba, saboda yayanta. Shi ya koya mini aikin nan tun ban san kan sukuru ba, shi ya kai ni kamfanin, a gidansa na fara ganin ƙanwarsa. Shekara uku da suka wuce ya manta gadarsa a wata liftar ɗaukar kaya, ta kwana a ciki. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ni na gan ta washegari. Ina iya cirewa in danƙa masa a hannu in ce, “Yaya, a kula,” magana ta mutu. Sai na ɗauke ta na ajiye a kan teburin Oga. Aka sallame shi, yanzu fanka da dutsen guga yake gyarawa a wani ɗan shago. Na gaya wa kowa, har da kaina, cewa ran mutane na duba. Gaskiya ne, na duba. Amma kujerar babban makaniki ma tana gefen idona, kuma wata biyu bayan nan na hau ta.

Bayan abin ne na rubuta dokar da ke manne a bangon ofis har yau: duk wanda gadarsa ba ta cika uku ba, ya bugo ofis nan take, Sakatariya ta kira duk ginin da ya shiga a kashe liftocin, sannan a bi a duba. Minti biyar ya isa a kashe su duka. Ni na tsara ta, ni na kai aka buga, har waƙafi na gyara. Tun daga nan abokan aiki suka laƙaba mini Malam Ƙa'ida, suna faɗa da zolaya, ni kuwa ina amsawa da jin daɗi.

Ƙarfe bakwai da minti goma ina zaune a mota, waya a hannu, lambar ofis a kan fuskarta. Dannawa ɗaya ya rage. A raina na ga Sakatariya tana cewa, “Wa? Kai?” Na ga makanikai sun taru a bakin ƙofa suna ƙunshe dariya. Na ga maiɗakina ta ji labari ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Sai zuciyata ta fara kawo mini hujjoji, kuma ba ta taɓa gajiya da wannan aikin ba. Wataƙila a hanya ta faɗi. Wataƙila tana kan wani akwati a ajiye, ba a maƙale ba. Ko da a maƙale take ma, ai ta kwana ba abin da ya faru, awa biyu ba za su canza komai ba. Akwai lambobin masu gadin gine-ginen a wayata, ina iya kiransu da kaina in ce su kashe. To amma duk liftar da aka kashe sai mai ginin ya kira Oga ya tambayi dalili, an koma gidan jiya ke nan. Na kife wayar a kujerar gefe na tada mota.

A gini uku na yi amfani da gada jiya: wani otal a tsakiyar gari, wani ginin ofisoshi, da wani gidan haya mai hawa tara can ƙarshen gari. In an matsa mini in faɗi gaskiya, tun a lokacin raina ya fi kwanta wa gidan hayar. A can ne Oga ya kira ni ina tsakiyar gwaji, na bar akwatin na je bakin taga don in ji shi sosai, muka yi minti goma a kan maganar wani kwantiragi. Na tuna rufe akwatin. Ban tuna cire komai ba. Kuma a can ne yara suke, da tsofaffi, da mata masu goyo.

Amma otal na nufa. Dalili kuwa, Gajere zai je can ƙarfe tara ya canza wani fis, kuma sai ya buɗe akwatin nan. Gajere makaniki ne a ƙarƙashina, sau biyu ina rubuta masa takardar gargaɗi, ɗaya a kan hular kwano kawai. In ya ga jar waya mai lamba goma sha huɗu, kafin azahar har masu sayar da kati a bakin titi sun ji. Wato ban fara da inda za a ji ciwo ba, na fara da inda za a kama ni. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gano ba.

Cunkoson safe ya riƙe ni fiye da awa ɗaya. Kowace danja ja, kowane direba kamar an aiko shi ya tsaya a gabana. Na yi ta danna oda har wani ya leƙo ya tambaye ni ko haihuwa ce. Ga shi ko shayin ban sha ba.

Takwas da rabi na shiga otal ɗin ta ƙofar baya, na karɓi mabuɗi na hau. Na buɗe akwatin da fitila a baki, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Babu. Na duba ƙasa, na duba bayan inji, na shafa saman akwatin da hannu, ƙura kawai na kwaso. Ina saukowa na yi kiciɓis da Gajere a matakala, jaka a kafaɗa.

“A'a, Malam Ƙa'ida, yau kuma tun kafin in yi aikin aka zo duba shi?”

“Wucewa nake, na ce bari in leƙa birkin jiya.”

“Birkin da ka gyara da hannunka? To mu ina za mu sa kanmu?” Ya yi dariya, ya ƙare mini kallo. “Lafiya kuwa? Ka yi jagab.”

“Matakala ce,” na ce.

Da na tsere masa sai na faɗa hannun manajan otal ɗin, mutum mai son zance, abokin Oga tun suna makaranta. Ya kama hannuna ya ce ba inda za ni sai na sha shayi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ga in na ƙi zai tambayi saurin me nake, in ya tambaya zai ambata wa Oga. Na zauna a kujerar fata mai laushi, aka kawo shayi a kofi mai zanen fure, yana ba ni labarin ciwon gwiwarsa da likitan da ya cuce shi. Akwai agogo a bango bayan kansa. Na ga tara ta buga, na ga tara da minti goma, na ga tara da kwata, ina ta cewa, “Ai kuwa, ranka ya daɗe,” ina murmushi. Tara da minti ashirin da biyar ya sake ni.

A ginin ofisoshi mabuɗin ɗakin inji yana hannun mutum ɗaya, shi kuma an aike shi. Aka ce in jira, yanzu zai dawo. Na tsaya a falon ƙasa ina fuskantar liftar, kuma ban taɓa kallon ƙofa yadda na kalli wannan ba. Wani ya taho da gudu ya zura hannu ta sake buɗewa. Wata mai ciki ta tsaya a kan bakin tana gyara jaka, ƙafa ɗaya a ciki. Wasu biyu suka tsaya daidai wurin suna gaisawa, ɗaya a ciki ɗaya a waje, har da tambayar mutanen gida. Duk wanda ya taka bakin nan sai na ji numfashina ya tsaya har ya wuce. Sau ɗaya na ji bakina ya ce, “Ku shige mana,” wani mutum ya juyo ya dube ni kamar mahaukaci.

Mai mabuɗin bai dawo ba sai goma da minti biyar. Na hau, na buɗe, na haska. Babu.

Nan ne na zauna a kan murfin inji. Saura wuri ɗaya, kuma babu sauran wataƙila. Sai a lokacin na ciro waya na nemo lambar maigadin gidan hayar, na ce ko me zai faru ya faru, a kashe ta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, haka. Maigadin nan kuwa mutum ne da ke ɗaukar waya tun kafin ta gama ƙarar farko.

Ina kan babban titi wayar ta yi ƙara, na ga lambar ofis. Na bar ta ta katse. Ta sake, na bar ta. A karo na uku na gangara gefe na ɗauka.

“Ina ka shiga ne, Malam?” in ji Sakatariya. “Gidan haya mai hawa tara, an samu haɗari a liftarsu. Ta kama wata mata.”

“Ta rasu?”

“An ce da ranta, an kai ta asibiti. Oga ya ce kai yake so ka je, ba kowa ba. Ya ce rahotonka ne kaɗai ba za a ja da shi ba. Kana nesa?”

“Ina kusa,” na ce.

“Allah ya taimaka. Ka kira shi da zarar ka ga abin da ya jawo.”

Ban san yadda na tuƙa sauran hanyar ba. Na dai san na iso, na tarar da mutane tsaitsaye a bakin ginin, mata da yara a kan matakala suna magana ƙasa-ƙasa. Maigadin ya hango motar kamfani ya taho da sauri, dattijo ne mai furfura, hularsa a karkace.

“Sannu da zuwa, Injiniya. Gara da kai aka turo. Wayata ma tana wurin waɗanda suka tafi asibiti, da ita aka kira mijinta.”

Muka kama matakala yana ba ni labari yana haki. Mai sharar ginin ce, shekararta shida tana aiki a nan. Ta gama goge hawa na uku, ta kira lifta, ta tura keken kayan shararta ciki, ta sa ƙafa ɗaya, sai liftar ta tashi da ƙofa a buɗe. Keken ne ya cece ta, shi ya fara maƙalewa ya tsayar da liftar, amma ƙafar ta karye wuri biyu, ƙashi a waje. Sai da maza huɗu suka taru kafin a zaro ta.

“Da ƙarfe nawa?” na tambaya.

“Tara da kwata, ko da 'yan mintoci. Na duba agogo saboda masu motar asibiti sun tambaya.”

A hawa na uku na ga wurin. Liftar ta tsaya sama da daɓen da kamu ɗaya, keken ya lanƙwashe a tsakani, bokiti ya kife, ruwan sabulu ya malale har bakin matakala ya gauraya da jini. Wani ya ɗora tsumma a kai bai goge ba. Na ɗauke kaina na ci gaba da hawa.

“Injiniya,” in ji maigadin a bayana, “ni fa tun jiya da yamma na ga kamar tana tashi ƙofar ba ta gama haɗuwa ba. Na ce ko gyaran da ka yi ne ya ƙara mata sauri.”

Na tsaya na juyo. Na ji muryata ta fito a natse, irin wadda nake yi wa sababbin ma'aikata.

“Baba, ka gaya wa wani wannan maganar?”

“A'a, kai ne na farko.”

“To ka riƙe ta. Ido yana ruɗin mutum, kuma in ka ce ka gani ba ka faɗa ba, kai za a fara tambaya me ya sa ka yi shiru.”

Ya gyara hularsa. “Haka ne kuma. Allah ya rufa asiri.”

A hawa na biyar gwiwoyinsa suka gaza, ya zauna a kan matakala ya miƙo mini mabuɗin. Sauran hawa huɗun ni kaɗai na yi su.

Ɗakin injin ƙarami ne, taga ɗaya, zafi kamar gidan burodi, warin man inji ko'ina. Na rufe ƙofa a bayana. Na buɗe akwatin, ban ma kunna fitila ba, ga ta nan ja wur a layi na biyu, bakinta biyu a maƙale daram yadda na sa su jiya, 'yar lambar tana reto. Goma sha huɗu.

Na san abin da ake yi in an yi haɗari, ni nake koyar da shi. Ba a taɓa komai. A ɗauki hoto, a kira ofis, a jira. Na ma ciro wayar na saita ta a kan akwatin, na ga jar gadar a cikin gilashi. Na tsaya a haka ban san tsawon lokacin ba. Na yi tunanin matar, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba duk da ta sha matsar mini da bokiti in wuce. Na yi tunanin cewa ƙafar ta riga ta karye, faɗar gaskiya ba za ta ɗora ta ba. Na yi tunanin 'ya'yana uku. Duk wanda zai yi abin kunya da 'ya'yansa yake fara rantsuwa, na sha jin haka a bakin wasu ina taɓe baki.

Na mayar da wayar aljihu, na sa yatsu biyu na cire gadar. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannuna ko rawa bai yi ba. Na naɗe ta na tura cikin safa, kamar wani zai caje ni.

Sauran aikin na yi shi da kyau, don ni gwani ne, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Na sauke liftar da hannu, muka ciro keken, na duba ƙofofi hawa-hawa. Sannan na kira mai kula da ginin, wata mata mai tabarau da tarin mabuɗai a kugu, na gwada a gabanta. Na tokare ƙofar da ƙafata na sa aka danna kira daga sama. Liftar ko gezau. Na sake da jaka, na sake da hannu. Sau uku, ba ta motsa ba.

“Kun gani ko,” ta ce, tana juyawa wurin mutanen da suka taru. “Lafiyarta ƙalau. Sau nawa ina hana masu sharar nan cusa keke ƙofa tana rufewa? Sauri, kullum sauri. Ita ta ce wai a buɗe take ta tashi. Injiniya, don Allah ka rubuta yadda ka gani, yau nake so in kai wa masu gidan.”

Na kira Oga na ce ban sami matsala a na'ura ba. Ya sauke ajiyar zuciya har ina ji, ya ce dama ya sani, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na zauna a teburin maigadi na cike takardar rahoto. A gurbin da aka rubuta dalilin haɗari na sa: an gwada, komai yana aiki daidai. Kowace kalma a ciki gaskiya ce a lokacin da na rubuta ta, na kuma lura da hakan, har na ji wani ɗan sanyi a raina da bai kamata in ji ba.

Ina sa hannu wani mutum ya shigo, siriri, da rigar aikin masu fenti, duk ɗigon fari a hannayensa. Maigadin ya miƙe ya yi masa sannu, ya ɗauko wata jakar hannu da takalmi ƙafa ɗaya daga ƙarƙashin tebur ya ba shi. Mijin matar ne, ya zo ɗaukar katinta, asibiti suna nema kafin a shiga da ita tiyata. Ya karɓa ya juya zai tafi, sai maigadin ya nuna ni ya ce ga injiniyan da ya duba.

Mutumin ya dawo ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna.

“Sannu da ƙoƙari, Malam. An ce tun ɗazu kake sama.”

“Yaya jikin nata?”

“Da sauƙi, za a ce. Likita ya ce za su yi ƙoƙari su ceci ƙafar.” Ya juya takalmin a hannunsa. “Malam, tambaya gare ni, ka yi haƙuri. Ni ban san komai a kan abin nan ba. Tun da ta farfaɗo magana ɗaya take yi, wai ba ta yi sauri ba, ƙofar a buɗe take har ƙarshe, abin ya tashi da ita haka kawai. Har rantsuwa take, tana kuka, ta ce kowa a ginin nan zai ce ita ta jawo. Shekara ashirin muna tare ban san ta da ƙarya ba. Su kuma nan sun ce ba ya yiwuwa. Na ce to bari in tambayi mai abin. Yana yiwuwa?”

Maigadin ya sunkuyar da kai yana gyara littafin baƙi. Mai kula da ginin tana tsaye a bakin ƙofa da takardata a hannu. Ina jin bakin gadar yana cizon idon sawuna a cikin safa. Mutumin yana kallona, ba da tuhuma ba, kallon wanda ya zo wurin masani. Da ya zo da faɗa, da ya ci kwalata, wataƙila da na faɗa. Ban sani ba. Na fi so in yarda da haka.

“Lifta ba ta tashi da ƙofa a buɗe,” na ce. “Haka aka ƙera ta.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

“To,” ya ce. “Firgita ce ke nan ta ruɗa ta. Ai dole, abin ba kaɗan ba ne.” Ya sa takalmin a cikin jakar ya ja zif. “Zan lallaɓa ta ta daina faɗa, kada mutane su ɗauka ta taɓu. In na ce mata daga bakinka na ji, za ta haƙura. Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri.”

Na ce amin. Ya rataya jakar matarsa a kafaɗa ya fita da sauri, don kada a shiga da ita bai koma ba.